Akun Inna yana rumbuna, maigida zai tafi ɗauko shi a ƙauye

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina wuninku, ya gida, ya yara? Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin wani ya gyara zama ya fara mini wa'azi, ya karanta har ƙarshe. Na san na yi ƙarya, ban zo a tuna mini ba.

Ni matar aure ce a Batsari. Gidanmu na gandu ne: ni da maigidana, da yayansa da matarsa, wato faccalata, sai surukina Baba mai fama da hawan jini. Ni ba mai yawo ba ce, in ba biki ko gaisuwa ba ina tsakar gida. Da zama ya gagara a ƙauyenmu, mahaifiyata Inna ta dawo wurina, ba ta fito da komai ba sai ƙullin tufafi da kejin akunta a ka. Bara Allah ya karɓi abarsa. Akun ya rage.

Tsuntsun nan ya kwashe muryar Inna kaf. Har ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana yana yi, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, kin ci abinci?" Ban yi karatu mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, ko takun mutum na ji a zaure na san waye. Ina gaya muku babu bambanci ko kaɗan. Ba ni da hotonta, ba ni da muryarta a waya. Wa kuma ya rage a duniya da zai tambaye ni ko na ci abinci?

Surutu kam yana da shi, ba zan kare shi ba. Kukan akuya, ƙarar waya, guɗa, duk ya iya. Na rufe kejin da zane, na ba shi rake ya shagala, na mayar da shi bayan ɗaki, da ya ji luguden taɓarya sai ya ɓarke. Ana ta haƙuri har yayan maigida ya sayo babur, akun ya koyi ƙararsa. Ku 'yan yankinmu kun san abin da ƙarar babura take nufi yanzu, wato 'yan bindiga. Wata rana bayan azahar gari ya yi tsit, sai ya saki ƙarar nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar ayari ne ya shigo unguwa. Faccalata ta haura danga da goyo, maƙwabta suka watse, Baba ya yunƙura zai gudu ya faɗi, sai da aka kai shi asibiti. Maigida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kafin in dawo daga gona, tsuntsun nan ya bar gidan nan."

Na ce to. Da ya dawo na ce na aika wa Gwaggona da shi ƙauyen Babban Duhu a motar kasuwa. Alhali yana cikin ɗan rumbuna na zana da ke bayan ɗaki, inda nake ajiye wake da gyaɗata. Iska na shiga, ga duhu, shi kuwa aku in duhu ya yi sai ya kama bakinsa. Kullum sai in ɗauki faifai kamar zan ɗebo wake, in kai masa ruwa da gyaɗa, in buɗa kaɗan haske ya shiga, ya tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, Inna, in rufe. Ku ce hauka ne. Ni dai da hakan nake samun barci.

Shekaranjiya faccalata ta zagaya shanya ta wurin, ta yi tari, rumbu ya amsa mata. Sai ga ta tsakar gida tana tafa hannu: "Wallahi akun nan yana gidan nan! A buɗe rumbun!" Na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu na ce, "Yaya, rumbunki na taɓa leƙawa? Taɓa nawa ki gani." Mijinta ya taso. A nan ne maigida ya shiga tsakani, ya dubi yayansa, wanda bai taɓa yi wa musu ba, ya ce, "Yaya, ta ce ta aika da shi. Tun da na auro ta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ba mai buɗe mata rumbu." Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ban yi nadamar riƙe akun ba, ko yau aka sake sai na ɓoye shi. Su da ke cewa tsuntsu ne kawai, iyayensu mata suna raye. Laifinsa ne da muka zama mutanen da ƙarar babur ke kora daga gida? Shi abin da ya ji yake faɗa.

To amma ga inda na rasa mafita. Yau da safe maigida ya zauna bakin ƙofata ya ce, "Na yi gaggawa. Na ga kin rame, ga shi har kunnen mutanen gida ya fara jiyo Inna. Ranar kasuwa zan je wurin Gwaggo in dawo miki da shi, in dai za a san yadda zai daina kukan babur." Na saurari muryarsa da kyau, ba gwada ni yake ba, da gaske yake. Can babu sabis balle a kira, kuma kun san hanyar ba lafiya. Ba zan bari ya hau ta saboda tsuntsun da ke bayan ɗakinsa ba. In kuma na faɗa, na kunyata shi gaban yayansa, kuma yayan ya riga ya rantse sai ya murɗe wuyan akun in ya gan shi.

Kada wanda ya ce mini in sake shi ya tashi, ba zan yi ba. Masu kiwon aku, akwai yadda ake mantar da shi ƙarar da ya koya ba tare da ya manta da Inna ba? Kuma da wane baki zan gaya wa mutumin da ya tsaya mini? Jibi kasuwa, ya riga ya ari babur ɗin yayansa. Me zan yi?