Ni Na Fitar da Kai, Yaya Isufu

Assalamu alaikum, Yaya Isufu.

Ina gaishe ka kamar kullum, ko da yake na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba. Yau kwana arba'in da muka rufe ka. An yi sadaka da safe. Maiɗakinka Mariyama tana takaba, tana ta haƙuri. Direbobin tasha sun cika ƙofar gida, har da waɗanda suka taso daga Bilma. Daga gurup ɗinmu kuwa mutum uku na gani.

Ka tuna yadda ka buɗe gurup ɗin a waya? Mu shida ne. Ka ce na talaka ne: direba, lebura, da baƙon da hanyar Libiya ta yasar. Daga baya ɗaliban Yamai suka shigo, da na ƙasashen Turai, muka yi murna. Ban san ranar da abin ya juya ba. Aka wayi gari kafin a saurari mutum sai an tambayi ko shi wane ne, ɗan wace ƙabila, daga ina iyayensa suka zo. Kai da karatunka na lakol bai yi nisa ba, murya kake turawa da Hausa, su amsa maka da dogon Faransanci.

Laifinka shi ne ka ce direbobin da aka kulle saboda ɗaukar baƙi zuwa Libiya su ma talakawa ne, suna da iyali. Nan take wani ya tono tsohon hotonka a kan kamyo, babbar motar nan, maƙil da mutane, kun nufi Segedin. Ya ce da gumin baƙi ka gina gida. Wata ta ce kai Bahaushen Maraɗi ne, ba ka da bakin magana a kan lamarin Abzin. Shekara talatin kana Agadas, Yaya! A nan aka yanke cibiyar ƴaƴanka duka.

Na san ka taɓa juya mota a tsakiyar hamadar Tenere ka kwashe mutanen da wani ya zubar, ka raba musu ruwanka. Layi biyu da sun isa in faɗa. Ban rubuta ba. Ka san dalili? A lokacin ni ake yabo. Ɗan asalin gari ne ni, jikan maƙera, duk abin da na faɗa sai a ce a saurari mai haƙƙi. Abin ya yi mini daɗi, kuma na ji tsoron ya ƙare.

Ga abin da ban gaya maka ba. Da suka yanke a kore ka, ni ne mai riƙe da gurup a ranar. Ni na fitar da kai, da yatsana. Kai ba ka iya karanta ƙaramin rubutun da ke nuna wanda ya yi ba. Washegari ka zo maƙerata, muka sha shayi, ka roƙe ni in sa baki a bar ka ka yi bayani. Na ce zan duba. Har tansiyo, hawan jinin nan, ya kayar da kai ban duba ba. Ba na cewa mu muka kashe ka, kwana ne ya ƙare. Amma Mariyama ta ce har a asibiti kana tambaya ko an mayar da kai.

Yanzu hotonka suka sa a goshin gurup, suna kiranka babban kamarad. Falmata, ungozomar nan ta Bilma, ta tambaya yaushe ka zama na kirki, tunda da ranka an ce ba ka cancanci zama da mu ba. Tun jiya suke kanta. Sun ce ƴar masu ramukan gishiri ce, jinin masu dukiya, ba ta san zafin talaka ba. Sun ba ni zuwa la'asar in fitar da ita.

An riga an yi azahar. Wayar tana gefena, sai ruri take yi. Idan na ƙi, ni ne na gaba, na sani. Ina sayar wa Turawa kayan azurfa, wannan kaɗai ya ishe su hujja. Kuma maganar haƙƙin wasu leburori da aka sallama daga aiki ta gurup ɗin take tafiya. In aka kore ni, wa zai bi ta? Ko wannan ma wata hujja ce nake nema wa tsorona?

Na rubuta amsata. Ba zan fitar da Falmata ba. A ciki na ba da labarin Tenere, na kuma ce korarka zalunci ne kuma da hannuna aka yi. Ina ajiye alƙalami zan tura. Daga nan in tafi gidanka in tsaya daga zaure in gaya wa Mariyama da bakina. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Sai mun zo, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, ni kuma Ya yafe mini.

Ƙanenka da ya yi shiru,
Alhusaini