Na musanya wa Yayana keken fatsarsa da jabu

Hajiya Rekiya, don Allah ki raba mini wata gardama, domin ta kai ni inda ban zata ba, kuma a nan Guangzhou duk wanda na tambaya sai ya kalle ni ya kau da kai. Tambayar ƙarama ce. Ɗan keken nan na naɗe zare da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, na yuwan dubu biyar, kuɗin ƙasar nan, ya fi na ɗari biyu da hamsin da wani abu ne, ko suna kawai ake saya?

Ga yadda abin yake. Ni da Yaya Abdulrasheed uwa ɗaya uba ɗaya muke, sana'armu jakunkuna. Shi ya kawo ni ƙasar nan, ban musa ba. Shekara goma sha bakwai yana zirga-zirga a Shiling, garin da ake ɗinka jaka, kuma mutanen Kano da na Maraɗi ba sa loda kwantena sai ya duba musu kaya. Mai Ido suke ce masa. Ya shafa jaka da babban yatsa, ya sansana, ya ce wannan fata ce, waccan roba ce, magana ta ƙare. Ni kuwa shekara tara ina bin sa da buhun samfur, har yau sunana ƙanin Mai Ido.

Bara hawan jini ya buge shi, hannun hagu ya yi rauni, likita ya ce ya rage kasuwa. Sai wani lawban, wato mai masana'antar da muke sayen kaya a wurinsa, ya koya masa wani kamun kifi na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ba tana, ba koto. Ƙudan ƙarya ake ɗaurawa da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, a yi ta kaɗa zare a iska kamar mai korar kaji. In an kama kifin ma a mayar da shi ruwa. Mutumin da ko kakansa bai taɓa shiga kwalekwale ba. Wai dama na wurgawa, hagu na juya keken, kuma likita ya ce motsin zai taimaki hannun.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne keken. Daga waje ya yi odarsa, yana zaune a ƙasar da duniya take zuwa sayen kwafi. Kullum yana goge shi da ƙyalle, yana juya shi kusa da kunne, yana cewa in saurari ƙarar orijina. Na ce masa kifi bai iya karatu ba, bare ya duba sunan kamfani. Ya ce ni ban san kaya ba, kuma a gaban mutane ya faɗa.

Sai na ɗauki hoton keken na shiga kasuwar unguwar Liwan. Mai shagon ya fara ce mini meyo, babu, da ya ga da gaske nake ya jawo jabunsa daga ƙarƙashin kanta. Launi ɗaya, rubutu ɗaya. A bayan motarmu Yaya yake ajiye kayan fatsarsa, na cire nasa na ɗaura wannan, na kulle na gasken a durowar shagonmu.

Hajiya, wata huɗu cur Mai Ido yana goge jabu da ƙyalle. Ya kama karfasa da shi ba adadi. Sau ɗaya kawai aka samu matsala, a wani tafki can cikin duwatsu, da wani ƙaton kifi ya ja, keken ya cije, zaren ya tsinke. Ya dawo mota ya zauna yana kallon hannunsa, ya ce hannun nan ya gama aiki. Na tuƙa mu gida. Washegari ya koma asibiti. Na yi shiru, don gwajin bai ƙare ba.

Ranar wata Juma'a bayan masallaci muna cin abinci da baƙi a shagonmu, Alhaji Tankari na Maraɗi, babban mai sayen kayanmu, ya shiga yabon idon Yaya. Shi kuma ya aika ni mota in ɗauko keken a gani. Na ɗauko, na ciro na gasken daga durowa na ajiye kusa da shi, na ba da labarin tun daga Liwan. Aka yi dariya har Alhaji Tankari ya ƙware. Yaya bai yi ba. Ya daɗe yana duban su biyun, sannan ya ce, "Har ranar kifin nan?" Na ce wannan kam hannunsa ne, kada ya ɗora wa keke. Aka sake dariya.

Tun ranar nan, sallama kawai yake amsa mini. Matarsa, Anti Barira, ta aiko mini da sandunan fatsarsa a buhu har shago. Alhaji Tankari da wasu biyu yanzu ni suke kira in duba musu kaya, ni kuma ban nema ba. Jiya na ji Yaya ya yanki tikitin Kano, ƙarshen wata, ba dawowa. Raina ba daɗi, amma ai gaskiya na nuna. Ki faɗa a jarida cewa keken tsada asarar kuɗi ne, in tura masa ya karanta ya huce.

Ƙanin Mai Ido, Guangzhou

*

Ɗana, ni ban taɓa riƙe sandar fatsa ba, don haka na tambayi wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan wurgin zaren. Ya ce a wajen ƙananan kifi keke ma'ajiyar zare ce kawai, na arha ya wadatar, gara mutum ya sa kuɗinsa a sanda da zare mai kyau. Dubu biyar don karfasa ya yi yawa, nan ka yi gaskiya. Amma ya ce kuɗin keken tsada a birkinsa yake. In babban kifi ya ja da gudu, mai kyau yana sakin zare sannu a hankali har kifin ya gaji, jabu kuwa sai ya cije, zare ya tsinke. Sau ɗaya a wata huɗu ake bukatarsa, kuma ranar aka saye shi dominta. Koma ka karanta wasiƙarka. Ba hannun yayanka ba ne, kai ma ka sani tun kuna cikin motar.

Shi ma yana da nasa laifin. Shekara tara mutum yana ɗaukar buhun samfur ba a taɓa tura shi gaba an ce ga wanda zai gaje ni ba, sannan a ce masa bai san kaya ba a bainar jama'a, dole abin ya yi ciwo. Da wannan ka rubuto mini, da na tsaya maka.

Amma ba keke ka gwada ba, ɗana. Mai gwada keke yakan kawo biyun bakin tafki ya ce Yaya, jarraba mu gani. Kai ka jira sai da masu sayen kaya suka hallara, ka nuna musu Mai Ido ba ya gani, kuma ga shi wayarka ce take ƙara. Ka ce ba ka nema ba, to me ka je nema a Liwan? Idon yayanka na fata ne, ba na ƙarfe ba. Kuma abin da ya hana shi ganewa ba makanta ba ce, mutum ba ya sansana kayan da ya ajiye a motar ƙaninsa. Wannan amanar ka ɗora a teburi aka yi wa dariya. Mafi muni, ka bar mara lafiya ya yanke ƙauna daga hannunsa, ka tuƙa shi gida kana shiru, sannan ka maimaita masa ƙaryar a gaban baƙi. Abin ya ba ni takaici, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka tura masa jarida. Ka fara da Alhaji Tankari da duk wanda ya zauna a teburin nan, ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu jabunka ne ya cije, kuma ka ce ba za ka duba kayan kowa ba sai yayanka ya turo shi. Za ka ji kunya, ka daure, ba ta kai wadda ya ji ba. Sannan ka ɗauki keken da buhun sandunan ka kai gidansa da kanka, ka nemi Barira ta yi maka iso. Ban yi maka alkawarin zai fasa tafiya ba, kuma in bai yafe nan take ba kada ka ce ya cika riƙo. Ko Kano ya tafi, kada ya hau jirgi yana zaton hannunsa ne ya saki kifin nan. Wannan kalmar a bakinka kaɗai take, kuma kwanaki kaɗan suka rage maka.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya mayar da shi bakin ruwa. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Hajiya Rekiya