Yaya Ya Tafi Kallon Yayyafi

Daren Laraba, Haɗejiya

Tun safe muke cika buhuna da ƙasa muna ƙara jinga, kada kogi ya shigo gidan Inna. Da la'asar Yaya Sabo ya kira ni ta bidiyo daga Salala, can ƙasar Oman, inda ya kai iyalinsa hutu. Wai damina suka je gani.

"Habu, ka ga yayyafi a ƙasar Larabawa? Ikon Allah."

Na juya wayar don ya ga bangon ɗakin Inna ya tsage, ruwa ya kai gindinsa. Ya ce hoton ba ya fita sosai, ya kashe.

Inna ta ce ba za ta bar ɗakin ba sai babban ɗanta ya ce ta fito. Gobe zan ce mata ya ce.