Gaisuwar Mutuwar da Ta Maƙale a Ɓangaren Maza

Zuwa ga Malam Shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai masu jin Hausa a Villeurbanne, kusa da Lyon, da Yaya Shugabar ɓangaren mata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ƙoƙari, da fatan karatu na tafiya lafiya. Ni ce Rakiya 'yar Tasawa, mai dafa shinkafar taronmu na Sallah. Wanda ya manta fuskata, na san bai manta yajina ba.

Ba faɗa ya sa na rubuto ba. Ƙungiyar nan ce ta tare ni ran da na sauka Lyon ina rawar ɗari, ta ba ni rigar sanyi, ta koya mini hawa tram, jirgin ƙasan cikin gari. Ina son ta, shi ya sa abin ya yi mini zafi.

Na farko, ga abin da ya faru. Babana ya rasu watan jiya. Takardar zamana tana hannun hukuma ana sabuntawa, ba halin zuwa gida. Kawuna da ke Sevran, can Paris, ya yi abin da ya sani: namiji ya faɗa wa namiji. Ya kira sakataren ɓangaren maza, shi kuma ya sa sanarwa a gurup ɗin maza na waya. An ce mini kun yi ta yi wa Baba addu'a a can, na gode. Sai dai kunyar shiga ɗakin budurwa ta hana ku zuwa, kuka ce ai mata za su je. Mata kuwa gurup ɗinsu daban, ba wadda ta ji.

Ni ban san haka ba. Na ture gadona gefe, na shimfiɗa darduma, na cika fulas da shayi, na bar ƙofa a buɗe kamar yadda ake yi a gida. Duk takun da na ji a baranda sai in gyara mayafi. Shayi ya huce, na sake dafa wani. Har ran addu'ar uku shiru. Wallahi kuka biyu na yi, na Baba da na kaina.

Mutum ɗaya ce ta shigo, Rifkatu maƙwabciyata, 'yar Zariya, Kirista. Ta ga ƙofa a buɗe, ta ga darduma, ta gane. Ta cire takalmi ta zauna kusa da ni har yamma, ta sa na ci abinci. Ita kuwa ba ta taɓa zuwa taronmu ba, don ta ɗauka na 'yan Nijar ne kaɗai.

Na biyu, ban ce a rushe ɓangarorin nan ba. Akwai zancen da sai tsakanin mata, ku ma maza da naku. Amma haba, Malam, mutuwa ba ta da ɓangare! Ina roƙo duk labarin rasuwa, ciwo ko haihuwa ya isa gurup biyun lokaci guda, kuma a ɗora wa mutum biyu nauyin haka, mace da namiji.

Na uku, kunya abu ne mai kyau, amma kada ta bar mutum shi kaɗai da makoki. In ɗaki ne matsalar, akwai zauren taro a ƙasan gidan ɗalibai, ana ba da aronsa. Zumunta a ƙafa take, ba a yatsa ba.

Na huɗu, Yaya, ki je da kanki ki gayyato Rifkatu da irinta, 'yan Najeriya da Cadi da Kamaru. Ta riga mu sanin aikin ƙungiyar.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Asabar mai zuwa za a yi sadakar arba'in a Tasawa. Na karɓi aron zauren nan, zan soya masar shinkafa, bayan la'asar. Don Allah ku zo. Duk ran da muka yi waya da Baba sai ya tambayi lafiyarku, don na faɗa masa ina da yayye a nan, maza da mata. Da wannan kwanciyar hankali ya tafi, kuma ba na son ya zamana ƙarya na yi masa.

Allah ya ba ku sa'ar karatu, ya raya iyayenku, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam,
Ƙanwarku Rakiya.