Ranar da Na Goyo Mounkaila zuwa La Paz

La Paz, Bolibiya
12 ga Yuni, 2015

Zuwa ga Yayata A'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji Salihu da yara. Yaya Bobigny, yaya aiki, yaya ƙafar nan da ke damunki in kin daɗe tsaye? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kai mu azumi lafiya. Na samu Inna a waya, ta ce ruwa ya fara sauka a Maradi.

Mu ma lafiya muke yanzu, amma Yaya, shekaranjiya na ga abin da ban taɓa gani ba. Kin san sati biyar ke nan da ni da maigidana Mounkaila muka bar Lyon, muka ɗauki moto, wato babur, a ƙasar Shili muna bin bakin teku, shi yana tuƙi, ni ina baya. Ran Laraba muka bar teku da asuba, muka yi ta hawan dutse har iska ta ƙi isar mutum. Mun shigo Bolibiya ke nan ya tsaya, ya cire hular kwano, ya yi ta amai. Leɓɓansa sun yi shuɗi, yana magana kamar mai maye. Shekara tara ina aikin jinya a asibiti, na san ciwon tudu ne, maganinsa sauka ƙasa da gaggawa.

Wata tsohuwa mai kiwon dabbobin nan masu dogon wuya ta ba shi ruwan ganye mai zafi. Da hannu da 'yar Sifaniyancina na gane tana cewa motar haya sai gobe, kada mu kwana a nan. La Paz kuwa saura kilomita wajen ɗari biyu. Ni ban taɓa tuƙa abin da ya wuce 'yar moton da nake zuwa makaranta da ita a Maradi ba, wannan ko ta ninka ni nauyi sau uku. Malam Mounkaila ya ce ba zan iya ba. Na ce masa ba shawara nake nema ba. Tsohuwar ta taya ni muka ɗora shi, na ɗaure shi a bayana da mayafina kamar goyo, na yi bismilla.

Sau biyu moton ta mace mini. Fili fetal, ba itace ko ɗaya, sanyi ya kashe mini yatsu, ina ta kiran sunansa don kada ya yi barci. Wajen la'asar muka kutsa cikin wani gari mai cunkoson motoci, ina tambayar ina La Paz take, ana nuna mini gaba, ni ko ban ga komai ba. Sai hanya ta yi kwana, ƙasa ta tsage a gabana.

Yaya, gari ne guda cikin rami! Wani wawakeken kwari kamar an kafa ƙwarya a tsakiyar duwatsu, jajayen gidajen bulo sun lulluɓe bangonsa tun daga gindi har baki, ɗaya bisa kan ɗaya. Dogayen benaye suna can ƙasa kamar ƙwayar ashana. 'Yan akwatuna ɗauke da mutane suna yawo a sama bisa waya. A bayan duk wannan ga wani dutse, Illimani, fari fat da ƙanƙara, rana ta mai da shi ruwan zinariya. Na taka birki ban sani ba. Na ce Subhanallahi, hawaye na zuba cikin hular kwano. Sai na ji Malam ya ɗaga kai daga kafaɗata, ya tambaya da 'yar murya ko mun mutu ne. Na ce masa tukuna, ya riƙe ni da kyau.

Muka gangara a hankali har asibiti, aka sa masa iskar numfashi. Likita ya ce da mun kwana a can sama, da labarin ya sha bamban. Yau ya ci shinkafa, har yana gardamar ƙwallo da ma'aikata. Da safe na miƙa masa makullin moto, ya mayar mini cikin tafin hannu, ya ce daga nan har birnin Lima shi ne fasinja.

Ki gaida Alhaji Salihu, da Fatou, da Mardiya da Kamalu. Kada ki faɗa wa Inna tukuna, ina so in ga fuskarta da idona in ina ba ta labari.

Ƙanwarki mai kewarki,
Raliatou