Ƙotar Gatarinka da Kawu Sale

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta ba. Ko kana raye ma sai dai ka miƙo mini ka ce in karanto maka.

Madalla da gadon da ka bar mana. 'Ya'yan wasu an raba musu shanu, mu kuwa kututturen kirya muka samu a ƙofar gida, wanda ka yi shekaru kana cewa gobe za ka faskara. Ranar kasuwar Mai'adua har faɗa wa abokai nake, nan gaba kuɗin kallo zan riƙa karɓa.

Labarin gida: hadari ya fara haɗowa, itacen da ka tara ya ƙare tun kafin arba'in ɗinka. Inna kara take hurawa, idonta kullum ja. Na ɗauki gatari na yi sara goma, na sha ruwa, kututture ko gezau. Hannun da ya saba auna gero ina shi ina kirya?

Sai ga ƙaninka Kawu Sale da nasa gatarin. Kwana shida ke nan yana zuwa bayan asuba. Ba ya saran tsakiya irin nawa. Zagayawa yake sai ya ga tsagi, ya bi shi ta gefe, ɓari-ɓari, yana haki. Yau ya cika wa Inna madafi.

Baba, tun da ya fara zuwa na kasa zaman rumfata a kasuwa. In zauna, in tashi, in auna wa mutum tiya biyu in ce uku.

Ka tuna ranar da ya ari gatarinka ya dawo da shi, da yamma ka tarar ƙota ta tsage? Lafiya lau ya jingine shi a zaure. Ni na ɗauke shi bayan ya tafi ina gwada ƙarfi, na sari gaɓar itace, na ji ƙas, na mayar inda yake. Kana yi masa faɗa ina tsaye har da girgiza kai. Shekara bakwai ba ku ci tuwo kwano ɗaya ba. Amma da ka rasu, shi ya yi maka wanka.

Ɗazu ya ajiye gatari, ya goge zufa, ya ce wataƙila shi ɗin ne ya tsaga bai lura ba, tunda ni ne babban ɗanka in yafe masa a madadinka. Ni da ban taɓa rasa amsa a ciniki ba, sai na ce bari in kawo masa ruwa. Gobe zai dawo.

Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Ka kwanta lafiya. Amma in ya sake tambaya na buɗe baki na ce na yafe, wa ya yafe wa wa?

Ɗanka,
Lawal mai awo