Buhunan da ke Bayan Tsibi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1991
Yaron bankin nan, Mainasara, ya sake zuwa daga Kano. Tunda suka ba ni rancen injin casar shinkafa, duk wata sai ya dira Tudun Wada da baƙin takalminsa, yana leƙa sito kamar nasa ne. Na girmi ubansa. Na tsani ganinsa.

Talata, 19 ga Nuwamba
Wasiƙarsu ta iso. Wai buhu ɗari uku na shanshera, shinkafar da ba a casa ba, su kasance a sito kullum, in ba haka ba su ɗauke injin. Mutanen banza.

Alhamis, 5 ga Disamba
Yau Mainasara ya ce a rushe tsibin buhuna ya ga na baya. A gaban Ɗanliti! Yayan matata ne, shekara tara makullin sito na hannunsa, ban taɓa bin bayansa da ƙidaya ba. Wa ke yi wa suruki haka? Na ce, "Kai, ba ka da kunya ne?" Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, aikina ne."
Aka rushe. Layi biyu na gaba shinkafa ce. Na baya ƙaiƙayi aka cusa, buhu saba'in. Ɗanliti ya ce zai je alwala, har yanzu.

Juma'a, 6 ga Disamba
Matata Balaraba tana ta kukan yayanta.

Litinin, 9 ga Disamba
Na bi Mainasara ofis na roƙe shi kada ya rubuta. Ni, ina roƙon wannan yaro! Ya ce ya riga ya rubuta, amma ya nema mini wata guda in cike. Ko kujera sai da na yi minti goma a tsaye kafin a ba ni.

Litinin, 23 ga Disamba
Na sayar da shanuna biyar da ke wurin Hamman makiyayi a Ɗansoshiya. Sito ya cika. Allah ya isa. Ban ma san wa nake ja wa ba.

Litinin, 6 ga Janairu, 1992
Makulli yana aljihuna yanzu. Mainasara ya makara, mota ta lalace masa a Kwanar Dangora. Kafin ya iso na hau tsibin da kaina, na soki kowane buhu har na bango. Bai buɗe baki ba na ce, "Ɗari uku da huɗu." Ya ce duk da haka zai ƙirga. Mara kunya.
Na riƙe masa tsani.